Raƙumi Marar Kai a Tsohuwar Hanyar Makka

Masu rubuta tarihi sun ɓata tawada mai yawa wajen neman ranar da duniya ta fara lalacewa. Wasu sun ɗora laifin a kan bindiga, wasu a kan takardar kuɗi, 'yan baya-bayan nan kuma sun kama wayar hannu suna duka. Na karanta su daidai gwargwado, ina kuma ganin girmansu, amma duk sun kauce. Duniya ta lalace ne ranar da wani injiniya ya zauna da rula ya zana titin da ba ya ratsa kowane gari. Daga ranar nan ɗan Adam ya daina tafiya, ya koma kayan aike: a ɗora shi a nan, a sauke shi a can, tsakani kuwa babu abin da zai ba jikokinsa labari sai farashin ruwan gora.

Ina faɗin haka ne a matsayin wanda aka yi wa bizar fita ta ƙarshe, wadda a nan Riyad ake ce wa huruj niha'i. Shekara talatin da 'yan kai ina fassara takardu a wani shagon kayan gyaran mota a Gubaira. Rannan ɗan kafilina, wato ɗan ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, yaron da na taɓa riƙe wa hannu yana koyon rubutun boko, ya kira ni ofis ya zuba mini gahawa da hannunsa. A ƙasar nan idan maigida ya zuba maka gahawa da kansa, fara tunanin akwatinka. Ya ce ba za a sabunta iƙamata ba, wato takardar zamana a ƙasar, shekaruna sun kai, ya yi ta yabona har na fara jin kamar ta'aziyyata nake saurara. Kwana sittin aka ba ni, ni da matata da mahaifiyata, wadda take zaune a kan takardata tun rasuwar Baba. Matata ta shiga ɗaure tukwane. Inna, da ta haura tamanin, ta saurari labarin tana jan carbi, ba ta tambayi yaushe ba, ba ta tambayi don me ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Kai wannan, kafin a saka ni a jirgi, ka kai ni wurin raƙumi."

Fiye da shekara hamsin ke nan ba wanda ya ambaci raƙumin nan a gidanmu.

A wani gidan ƙasa na unguwar Al-Ud aka haife ni. Baba direban wani ɗan kasuwa ne, danginmu kuwa duk suna Makka, inda suka yada zango tun zuwan kakanninmu a ƙasa ta Sudan. Duk shekara idan an yi hutun makaranta, maigidan Baba yakan ba shi aron tsohuwar wanet, wato ƙaramar a-kori-kura, mu nufi yamma. Shiri yakan ci mako guda. Inna ta daka gumba, ta soya dambun nama ta cika gwangwani, ta naɗe kofunan shayi cikin tsumma, amma duk da haka sai sun yi ta ƙara kamar haƙoran mai jin sanyi tun daga Riyad har Ɗa'if. Aikina shi ne salka. Ni nake jiƙa ta kwana biyu kafin tafiya, ni nake rataye ta a gefen mota don iska ta sanyaya ruwan, ni kuma ake zagi idan ta yi yoyo. Har yau idan na rufe ido ina jin yadda take dukan bodi, ɗif, ɗif, da karkaɗawar tamfol a kanmu, da muryar Baba daga gaba yana addu'ar tafiya da ƙarfi kamar injin ne yake so ya ji. Duk bayan 'yar tafiya sai ya tsaya ya buɗe gaban mota, ya jira lagireto ya gama fushinsa, ya ce, "Kawo buta. Motar nan ba ta jin Larabci, ba ta jin Hausa, ruwa take ji."

Hanyar a lokacin siririya ce, kuma ba ta da girman kai: kowane ƙauye sai ta shiga ta gaishe shi. A bakin kowanne akwai gahawa, rumfa ce da gadajen igiya masu tsawon ƙafa, inda matafiya ke kwantawa su jira rana ta yi sanyi. Da yake shayin kowa iri ɗaya ne, shinkafar ma haka, sai kowane mai gahawa ya nemi abin da zai sa yara su yi ta ihu har uba ya taka burki. Wani yana da kura a keji, tsohuwa, mai ƙaiƙayi, wadda ba ta taɓa yi mana komai ba sai hamma. Wani yana da akwati mai ramuka biyu, ka leƙa da ido yana murɗa hannu, hotunan birane da jiragen ruwa suna wucewa, yana ba da labarinsu da murya kamar shi ya gina su. A wani wurin rijiya ce da ake cewa ba ta da ƙarshe, ka jefa dutse ka saurara, mai gahawar kuma ya yi tari daidai lokacin da dutsen zai faɗa ruwa. Mun san yana yi, muna kuma jefawa kowace shekara. Mu dai mun raɗa wa wuraren nan sunaye kamar mu muka haife su: Wurin Kura, Mai Akwati, Rijiya, Raƙumi. Da su muke auna tafiya, da su Inna take raba guzuri: ba a buɗe dambu sai an wuce Kura. Sunayensu na gaskiya, waɗanda ke kan taswira da bakin Larabawa, suna cikin kan Baba, kuma ba wanda ya taɓa ganin dalilin tambayar direba abin da direba ya riga ya sani.

Yanzu je ka bi sabon titin ka gani. Layi uku zuwa, uku dawowa, an yi masa shinge kamar ana tsoron kada ya gudu. Gidajen man da ke kansa kamar na'ura ce ta buga kwafinsu: masallaci ɗaya, shago ɗaya, firji ɗaya yana gurnani. Na taɓa kai jikokina Umara ta nan. Daga unguwar Suwaidi har miƙati ba wanda ya ɗaga kai daga allon hannunsa. Na nuna musu garken raƙuma na gaske, masu rai, masu kai, babbar ta ce, "Mun gani a bidiyo, Jaddi," wato kaka. An isa cikin yini guda, babu wanda ya yi amai, babu tayar da ta fashe, babu abin da ya faru. Nan gaba idan an tambaye su yarintarsu, ban san me za su ce ba.

Raƙumin shi ne sarkin abin kallo. Na siminti ne, tsayinsa ya kai na gaske, yana tsaye gaban wata gahawa da tsani a jikinsa. Ba shi da kai. An ce da yana da shi, sai wani mai wa'azi ya tsaya shan shayi ya yi wa mai wurin nasiha a kan sassaƙa abu mai rai. Mutumin ya ɗauko guduma ya sauke kan, ya ce to yanzu ya zama benci mai tozo, a bar shi ya ci abinci. Wani ƙarfen rodi ya rage yana leƙowa daga wuyan, shi muke kamawa idan mun hau. Daga saman tozon nan ana ganin sahara har inda ta haɗu da sama, kuma yaron da bai taɓa hawa abin da ya fi katangar gidansu ba yakan ji kamar an naɗa shi wani abu.

Shekarar da nake ɗan tara, da ƙanwata muka yi tafiyar. Auta muke ce mata, ba ta cika shekara biyu ba. Tun daga Rijiya jikinta ya yi zafi. Inna ta yi ta jiƙa tsumma da ruwan salkata tana shafa mata, har ruwan ya ƙare, aka koma na lagireto. Kukanta ya yi ta raguwa, ni kuwa a wautata ina murna ta fara samun sauƙi. Wajen azahar na hango tozon daga nesa na fara tsalle. A daidai nan Inna ta ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninmu da Baba, sau biyu, a hankali, ta ce, "Malam, tsaya."

Mutanen gahawar sun yi abin da ya kamata ba tare da yawan magana ba. Matar mai wurin ta yi wa gawar Auta wanka, wani fasinja ya ba da farin yadi daga kayansa. A bayan gahawar akwai 'yan kaburbura na waɗanda hanya ta riƙe, babu katanga, babu rubutu, dutse a kai, dutse a ƙafa, kamar yadda ake yi a ƙasar nan ko sarki ne. Bayan la'asar Baba ya ɗauke ta a hannu biyu, ni ina biye da buta. Da muka zo daidai wutsiyar raƙumin ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce, "Ƙirga." Muka fuskanci inda rana take faɗuwa, na ƙirga. Taku casa'in. Inna ba ta sauko daga mota ba, don mata ba sa rakiya. Tana zaune ƙarƙashin tamfol, fuskarta ga raƙumin, ba ta yi kuka ba, don ita 'yar zamanin da uwa ba ta nuna ɗa a gaban mutane ce, ko yana raye ko ya mutu. Abin da ta gani na jana'izar 'yarta ke nan: bayan mijinta, bayan ɗanta, da gindin dabbar siminti.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da muka dawo, hannun Baba duk ƙasa, na ja rigarsa na ce, "Baba, in hau?" Ya dube ni tsawon lokaci. Sannan ya ɗaga ni da kansa ya ɗora, ya tsaya yana riƙe da ƙafata. Na kama rodin nan na kalli sahara, kuma na ji daɗi. Na karanta littattafai da yawa a kan zunubi tun daga lokacin, ban ga babin da ya dace da wannan ba.

Ba mu sake bin hanyar tare ba. Da shekara ta zagayo aka aika ni Katsina wurin kawuna don karatun boko, na yi karatu, na yi koyarwa, na dawo Riyad da furfura ta farko da iƙama kamar kowane baƙo. Kafin nan an buɗe sabon titi. Baba ya rasu muka kai shi maƙabartar Al-Ud. Shekara goma sha ɗaya muna cin abinci a kwano ɗaya da shi bayan dawowata, mun yi gardamar siyasa, mun yi ta farashin taya, ban taɓa cewa, Baba, me ake kiran garin nan ba.

Ɗana na biyu, wanda aka haifa a nan kuma Hausarsa take tafiya da sanda, shi ya ɗauki aikin nema. Ya buɗe taswira a wayarsa ya ce, "Yuba," wato baba a Larabcin nan, "ba ni sunan garin kawai."

Na ce, "Raƙumi."

"Wane raƙumi?"

"Bayan Rijiya, kafin a fara hawan dutse."

"Wace rijiya? Yuba, wallahi ƙasar nan rabinta raƙumi ne, rabinta rijiya."

Inna ta ce daga kan dardumarta, "Kai maigida, ashe abin naka ma sai an gaya masa? To me ya sani? Kakanka da ido ɗaya mai kyau ya kai mu, bai tambayi gilashi ba."

"Hajiya, ai ke ma kina motar. Ba ki karanta allo ba?"

"Da wane karatun? Ni aikina in hana ubanka faɗowa. Da na sani ma da na bar shi, da yanzu ban ga mai tsayi babu amfani ba."

Suka yi dariya su biyu. Ni ban yi ba, don na ga hannunta a kan carbin, ya tsaya.

Daga nan na zama abin tausayi a unguwar Baɗaha. Duk yamma bayan la'asar ina bin wuraren da tsofaffin direbobi ke zama, Hausawa da Yamalawa da Sudanawa, ina tambayar dattawa masu mutunci ko sun san wani raƙumi marar kai. Wani ya tuna kurar, ya ce ta mutu tun yana saurayi. Wani ya rantse raƙumin doki ne. Wani ya kama hannuna ya ba ni sunan mai ruƙiya. Juma'a biyu muka bi tsohuwar hanyar ni da ɗana, inda ta rage, don a wasu wuraren yashi ya cinye ta, a wasu an gina ɗakunan ajiya a kanta. Gahawoyin sun zama bango huɗu da ƙofa tana lilo. A ɗaya na tarar da gadon igiya babu igiyar, na tsaya ina kallonsa kamar na ga wanda na sani a asibiti. Muka dawo hannu biyu. Inna ba ta tambaya. Sai dai duk dawowa in tarar da ita sanye da abaya, takalmanta a ajiye a gabanta, ta dubi fuskata, ta cire abayar ta ninke. Kwana sittin suka zama talatin, suka zama sha tara. An sayi tikiti. Matar da ta haura tamanin idan ta fita da irin wannan biza, kowa ya san ba dawowa za ta yi ba. Na fara tashi daga barci ina ƙirga taku. Na yi tunanin in sa magini ya yi mini raƙumi a wani fili, har na tambayi yadda ake haɗa siminti, sannan na yi istigfari.

Saura kwana tara wani Basudane mai jan tirela ya ce, "Marar kai? Da ƙarfe a wuya? Ya zol, ai yana nan bayan garin Dawadimi, bayan wani mataccen gidan mai. Nakan tsaya in yi alwala a inuwarsa." Na sumbaci kansa a gaban jama'a.

Bayan sallar asuba muka tashi, ɗana yana tuƙi, Inna a baya tana ƙorafin sanyin mota ya shiga ƙashinta. Kafin azahar muka sauka daga kwalta, muka zaga bayan famfunan mai da suka yi tsatsa, sai ga shi. Ya fi yadda na sani ƙanƙanta, tozon ya tsage, wani ya rubuta lambar wayar mai gyaran taya a cikinsa da fenti. Amma ga rodin.  Inna ta ƙi a riƙe ta. Ta taka da sandarta har gabansa, ta ɗora tafin hannu a kan simintin mai zafi, ta ce, "Kai ma ka tsufa."

Na je wutsiya, na fuskanci yamma. Sai na tuna takun ɗan shekara tara na ƙirga, ba na dattijo ba. Haka na shiga tafiya ƙanana-ƙanana kamar mai ciwon baya, ina ƙirgawa a fili, ɗana yana biye da ni. A tamanin da bakwai na ga duwatsu biyu, rabinsu a cikin yashi, tsakaninsu bai fi kamu uku ba. Na durƙusa. Na yi sallama, na yi addu'ar da na sani da wadda ban sani ba, na roƙi gafarar hawan da na yi. Daga bayana na ji muryar Inna, daga inda take tsaye jikin raƙumin, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta kira sunan yarinyar na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Ni ce. Za mu koma gida, an ce mu tafi. Babanki yana Riyad, ba ke kaɗai muka bari ba. Rashin zuwa ba mantuwa ba ce, kin ji? Ba ni da mai kawo ni ne." Sannan ta yi kukan shekara hamsin, a tsaye, hannunta a kan siminti. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta koma mota da kanta, ta ce, "To. Yanzu a saka ni a jirgi." Ta rufe ƙofa.

Ina karkaɗe gwiwoyina sai ga wani tsoho ya fito daga wani garken tumaki da ke gefe, da butar shayi da kofuna, don a ƙasar nan ba a ganin baƙo a wuce shi. Muka gaisa, ya tambayi ƙasarmu, na ce masa na hau raƙumin nan ina yaro.

Ya yi murmushi ya ce, "A nan? Ya hajji, kai da furfurarka? Ai sai dai a can."

"Can ina, ya ammi?"

Ya ce gidan man nasa ne kafin wurin ya mutu. Shekarar da aka buɗe sabon titi kasuwa ta faɗi, sai ya sayi raƙumin daga masu rushe wata gahawa a can yamma, tafiyar awa uku ko huɗu, ya ɗauko shi a tirela don ya jawo masu yara. Bai jawo kowa ba. Na nuna masa duwatsun da hannu. Ya leƙa, ya zuba mini shayi, ya ce nan ne mai dafa musu shinkafa yake ɗora tukunya.